Awo kafin magani da bayan magani: wane gwaji za a yi, kuma me zai iya tabbatarwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina rubuta binciken kammala karatu. Mun ɗauki masu hawan jini 48 waɗanda lambar sama ta awonsu ta kai 150 ko ta haura, aka ɗora su a kan wani sabon tsarin shan magani da bibiya, bayan wata uku muka sake auna su. Mutum 39 ne suka dawo. Matsakaicin awon ya sauka daga 161 zuwa 149. Wani abokin aiki ya ce in yi gwajin t, wata kuma ta ce na Wilcoxon ya fi. Na gwada duka biyun a manhajar lissafi ta SPSS, kowanne ya ba ni p ƙasa da 0.001. Wanne zan rubuta? Kuma zan iya cewa tsarin namu ne ya rage hawan jinin?"

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayoyi biyu kika yi a numfashi ɗaya, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko, wato zaɓi tsakanin gwajin t da na Wilcoxon, mai sauƙi ce, kuma a halin da kike ciki kusan duk wanda kika ɗauka zai kai ki wuri ɗaya. Ta biyun ce babba. Shekarun da na yi ina duba alƙaluman masu bincike sun nuna mini cewa yawanci a kan ta farkon ake ta ja-in-ja, ta biyun kuwa a wuce ta da jimla ɗaya a ƙarshen rubutu. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Zan amsa ta farkon tukuna, don ki samu abin rubutawa, sannan mu zauna a kan ta biyun.

Mutum ɗaya, awo biyu

Abin da ya bambanta alƙalumanki da na wanda ya kwatanta rukuni biyu na mutane daban-daban shi ne, kowane awo na baya yana da ɗan'uwansa na farko a jikin mutum guda. Wanda jininsa ya fi na kowa hawa a watan farko, da wuya ya zama mafi ƙasa a wata na uku. Saboda haka ba awon farko da na baya za ki sa a gaba ba, bambancin da ke tsakaninsu ga kowane mutum shi ne ainihin kayan aikinki. Ki buɗe sabon layi a teburinki, ki cire awon baya daga na farko, mutum bayan mutum. Lambobi 39 za su fito, kuma a kansu duk lissafin zai hau.

Bari in ƙirƙiro ɗan misali da mutum biyar don ki ga yadda abin yake da ido. Awonsu na farko 150, 180, 165, 140 da 195. Na baya 142, 171, 158, 133 da 186. Matsakaicin farko 166, na baya 158, sauka ta maki 8. Idan kika ɗauke su kamar rukuni biyu da ba su san juna ba, kwamfuta za ta ga lambobi sun warwatsu daga 133 har 195, ma'aunin bazuwarsu ya haura 21 a kowane ɓangare, sai ta ce maki 8 ba wani abu ba ne a cikin wannan hayaniya: ƙimar t, lambar da ke auna girman saukar a kan hayaniyar, ba za ta kai 0.6 ba. Amma ki duba bambancin kowa: 8, 9, 7, 7, 9. Kowa ya sauka, kuma kusan da adadi ɗaya. Ma'aunin bazuwar waɗannan bambance-bambance 1 ne kacal, ƙimar t kuwa ta kusa 18. Lambobin ba su canza ba, tambayar da aka yi musu ce ta canza. Na tsara misalin ya yi kyau fiye da yadda jikin ɗan Adam ke yi, amma darasin yana nan: gwajin t na tagwayen awo yana kawar da bambancin da ke tsakanin mutum da mutum, ya bar miki canjin da ke cikin mutum guda.

Wannan gwaji ya girmi duk wanda zai karanta amsar nan. William Gosset, wanda ke aiki a kamfanin Guinness a birnin Dablin, ya wallafa shi a 1908 da sunan aro "Student", kuma ɗaya daga cikin misalan da ya yi amfani da su na marasa lafiya goma ne da aka auna yawan barcinsu da magungunan barci. Wato tun ranar haihuwarsa irin aikinki yake yi.

Sharaɗin da mutane ke yawan ruɗewa a kai shi ne na siffar alƙaluma. Ba awon farko ba, ba kuma na baya ba ne ake so ya yi siffar ƙararrawa, bambance-bambancen ne. Ki zana su ki duba. Idan sun taru a tsakiya, suka sirance a gefe biyu, ba wani ɗaya ko biyu da suka yi tsalle can nesa, ki ci gaba da gwajin t. Da mutum 39, ƙaramar karkata ba za ta ɓata komai ba. Idan kuwa akwai wanda ya sauka da maki 70 shi kaɗai, ki fara komawa katinsa ki tabbatar ba kuskuren rubutu ba ne, sannan ki yi tunanin Wilcoxon.

Frank Wilcoxon ya fito da nasa a 1945. Shi ba ya aiki da girman bambancin kai tsaye, jera su yake yi daga ƙarami zuwa babba ya ba kowanne matsayi, sannan ya duba ko matsayin masu sauka ya rinjayi na masu hawa. Don haka lamba ɗaya da ta yi ƙetare ba ta iya jan sakamakon. Ki kula, gwaji biyu ne ke ɗauke da sunansa, duka a takarda ɗaya ya kawo su: ɗaya na rukuni biyu masu zaman kansu, ɗaya na tagwayen awo. Na biyun ne naki. Shi ma kuma ba sakaka yake ba, yana so bambance-bambancen su daidaita a gefe biyu na tsakiyarsu.

Ni dai da ni ne, gwajin t zan rubuta, saboda dalili ɗaya: yana ba ki amsa da ma'aunin da likita ya sani. "Awon ya sauka da maki 12, tazarar amincewa ta kashi 95 daga kaza zuwa kaza" magana ce da mai duba marasa lafiya zai iya aiki da ita. Tazarar amincewa ita ce iyakoki biyu da ake kyautata zaton ainihin saukar tana tsakaninsu. Ƙimar p, wadda ke nuna ko sa'a kaɗai za ta iya haifar da irin wannan sakamako, ita kaɗai ba ta faɗin girman sauka, ba ta kuma faɗin ko saukar tana da amfani. Ki ambaci Wilcoxon a jimla ɗaya, ki ce ya ba da sakamako iri ɗaya. Abin da ba a so shi ne a gwada uku a zaɓi wanda ya fi daɗin gani a ɓoye sauran.

Wani ɗan gargaɗi daga teburina. An taɓa kawo mini alƙaluman da bambance-bambancensu suka yi wani irin hauka, wani ya hau da 50, wani ya sauka da 60, alhali matsakaicin bai nuna komai ba. Mun shafe kusan awa muna neman dalili a likitance, ashe mai shigar da bayanai ne ya jera layin awon baya daga ƙarami zuwa babba a Excel ba tare da ya haɗa da sauran layukan ba. Awon wannan ya koma gaban sunan wancan. Matsakaici bai motsa ba, shi ya sa ba wanda ya lura, amma tagwaitakar ta tarwatse. Tun daga ranar nake zaro kati biyar da ka, in kwatanta su da abin da ke kwamfuta kafin in taɓa wani lissafi. Ki yi hakan. Kina cikin yi kuma ki dubi lambar ƙarshe ta kowane awo: idan galibinsu da sifili suka ƙare, 150, 160, 170, to masu awo suna ƙiyasi ne zuwa goma mafi kusa, abin da aka daɗe da sani a awon jini na hannu, kuma ya kamata ya fito a rubutunki.

Idan sakamakon "e" ko "a'a" ne

Mai yiwuwa malaminki ya nemi ki faɗi mutum nawa ne jininsu ya dawo daidai. A nan gwajin McNemar ne ya dace, wanda Quinn McNemar ya wallafa a 1947. Hikimarsa ita ce ba ya kula da waɗanda ba su canza ba. A ce mutum 60 ne aka tambaye su ciwon kai kafin da bayan magani: 25 suna da shi a duka lokutan, 15 ba su da shi ko kaɗan, 16 ya bar su, 4 kuma ya same su daga baya. Gwajin zai dubi 16 da 4 ne kawai. A cire 4 daga 16, a ninka 12 da kanta, a raba 144 da 20, a samu 7.2, wanda ya haura iyakar 3.84, wadda ke daidai da p na 0.05. Sai dai a wurinki akwai cikas: tunda kowa da 150 ko fiye ya shigo, babu wanda zai iya tashi daga "daidai" zuwa "ya hau", hanya ɗaya ce kawai a buɗe. Gwajin ba shi da abin da zai auna. Ki faɗi adadin da kasonsa da tazarar amincewarsa, ki tsaya nan.

Me zai faru da ba a yi komai ba?

Yanzu ga babbar maganar. Ƙimar p ɗinki ta ce saukar da aka gani ba ta yi kama da abin da sa'a kaɗai za ta haifar ba idan a gaskiya awon bai canza ba. Shi ke nan abin da ta ce. Ba ta san kin ba da magani ba. Da za ki auna mutanen nan, ki sallame su da fatan alheri kawai, su dawo bayan wata uku, akwai kyakkyawan zaton awon zai sauka, kuma p ɗin zai iya fitowa ƙarami kamar yadda ya fito yanzu.

Babban dalili shi ne abin da ake kira komawa ga matsakaici. Francis Galton ya bayyana shi a 1886 lokacin da yake kwatanta tsawon iyaye da na 'ya'yansu: 'ya'yan dogaye dogaye ne, amma a jimlace ba su kai iyayensu nisa daga matsakaici ba. A awon jini abin ya fi fitowa fili, domin jinin mutum ba ya zama wuri ɗaya. Yau 142, gobe 156, jibi 147. Ke kuma kin kafa ƙofa a 150. Duk wanda ainihin awonsa 143 ne amma ranar da kika auna shi bai yi barci ba, ko ya hau bene da sauri, ya shigo bincikenki da 154. Wanda ainihin nasa 156 ne amma ranar ya fito 146, kin mayar da shi gida. Kin tara waɗanda ranarsu ta yi sama, kin bar waɗanda ranarsu ta yi ƙasa. Bayan wata uku kowa zai koma kusa da inda ya saba, kuma tunda daga sama kika tsince su, ƙasa za su yi.

Ana iya ƙiyasta girman wannan. Zan sa lambobi na zato, ke sai ki musanya da na gaske daga bayanan wurin aikinki. A ce matsakaicin awon duk masu zuwa wurinku 135 ne, kuma alaƙar da ke tsakanin awon mutum na yau da na bayan wata uku 0.7 ce, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakkiyar alaƙa, 0 kuma babu alaƙa. Mutanenki sun fara da 161, wato maki 26 sama da matsakaici. Abin da ake sa ran gani a awo na biyu, ba tare da wani magani ba, shi ne 135 a haɗa da 0.7 na 26, wato kusan 153. Maki 8 ke nan sun tafi da kansu. Daga cikin 12 ɗinki, saura 4. Idan alaƙar ta kai 0.9, abin da zai tafi da kansa bai kai 3 ba, kuma labarinki ya ƙara ƙarfi. Kin ga yadda lamba ɗaya da ba ta cikin teburinki take riƙe da wuyan sakamakon gaba ɗaya.

Ba ita kaɗai ba ce. Mutane da yawa jininsu kan hau a gaban ma'aikacin lafiya, musamman zuwan farko, in sun saba sai ya lafa. Awon jini kan ɗan ƙaru a lokacin sanyi ya ragu a lokacin zafi, kuma wata uku sun isa a tsallaka daga wannan yanayi zuwa wancan. Wanda ya san ana bibiyarsa kan gyara halinsa ko da ba a ce masa komai ba. Mai awo da ya san wannan shi ne awon "bayan magani", kuma yana fatan aikin ya yi kyau, idan allurar na'urar awo ta tsaya tsakanin 148 da 152, kin san inda hannunsa zai karkata, ba don ha'inci ba. Duk waɗannan suna tura lamba ƙasa, su kuma shige cikin maki 12 ɗin nan tare da tasirin tsarinku, babu gwajin da zai raba su bayan sun cakuɗu.

Daga wannan tushe wani kuskure yake tsirowa. Za ki ji sha'awar rubuta cewa tsarin ya fi amfanar waɗanda jininsu ya fi hawa, domin za ki ga su suka fi sauka. Kusan kullum haka ake gani, ko da magani ko babu. Awon farko yana cikin lissafin bambancin, don haka dole su nuna alaƙa. Wani mai bincike, Oldham, ya yi wannan gargaɗi tun 1962, kuma har yau ina cin karo da shi a rubuce-rubuce.

Mutum taran da ba su dawo ba

Tara cikin 48 sun kusa kashi 19 cikin ɗari. Ɗan hakin da ka raina ne. Da farko, 161 ɗin nan na mutum 48 ne ko na 39? Dole lambobin biyu su fito daga mutane guda, in ba haka ba ba tagwaye kike kwatantawa ba. Na biyu, me ya hana su dawowa? Idan maganin ne ya dame su suka daina sha, ko jikin ya tsananta aka kwantar da su wani wuri, to waɗanda suka rage su ne waɗanda abin ya karɓa, kuma matsakaicinki ya yi kwalliya.

Ki kwatanta awon farko, shekaru da jinsin taran nan da na sauran. Sannan ki yi lissafin "a ce". A ce babu ɗayansu da ya canza: 12 sau 39, a raba da 48, sauka ta koma 9.8. A ce kowannensu ya hau da maki 10: ta koma 7.9. Ki sa duka a rubutu, mai karatu ya ga iyakar lanƙwasar sakamakon. Kada dai ki cike guraben da awonsu na ƙarshe ki miƙa shi a matsayin babban sakamako kamar an auna. Wani rahoto na Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka a 2010, kan ɓatattun bayanai a gwaje-gwajen magani, ya ja kunne a kan dogaro da wannan dabara. Mafi alheri duka, ki nemi mutanen. Ko huɗu kika samu kika auna, sun fi kowace dabarar lissafi.

Abin da za ki iya gyarawa yanzu

Maganin asali shi ne rukunin kwatance da aka raba ta hanyar ƙuri'a, kamar yadda aka yi a gwajin maganin tarin fuka na istiraftomaisin a Birtaniya, wanda aka wallafa a 1948, inda Austin Bradford Hill ya tsara rabon. Komawa ga matsakaici, yanayi, sabo da ma'aikata, duk za su taɓa rukunan biyu daidai, sai abin da ya rage ya zama na magani. Wannan ya wuce ki a wannan aikin, amma akwai abu biyu da ba su wuce ki ba.

Na farko yana cikin katunan marasa lafiyarki. Idan akwai awon da aka yi musu a makonnin da suka gabaci ranar ɗauka, ko wanda aka yi bayan ɗauka amma kafin a fara tsarin, ki yi amfani da shi a matsayin awon farko, ki bar na ranar ɗauka ya zama na tantancewa kawai. Tunda ba da shi aka zaɓe su ba, yawancin kumfar nan ta hawan ranar ɗauka ba ta cikinsa. Idan awo biyu ko uku ne, ki ɗauki matsakaicinsu. Wannan aikin yini biyu ne, kuma a ganina shi ne abu mafi daraja da za ki ƙara wa binciken.

Na biyu, ki nemi a tsofaffin bayanai mutanen da suka cika sharaɗi iri ɗaya, 150 ko fiye, a irin waɗannan watanni na shekarar da ta gabata, waɗanda aka kula da su yadda aka saba kuma aka sake auna su bayan kimanin wata uku. Ba su kai rukunin ƙuri'a ba, amma za su nuna miki yawan saukar da ake samu ba tare da tsarinku ba.

In kin samu rukuni na biyu, akwai rami a gabanki. Kada ki yi gwajin t a kowane rukuni daban, ki ce wannan ya ba da p ƙarami, wancan bai bayar ba, don haka sun bambanta. Martin Bland da Douglas Altman sun nuna a 2011 cewa wannan hanya tana iya nuna bambancin ƙarya har sau ɗaya cikin biyu, maimakon sau ɗaya cikin ashirin da ake zato. Rukunan biyu ake kwatantawa kai tsaye. Hanyar da na fi so ita ce Ankoba (ANCOVA), lissafin da ke kwatanta rukunai tare da la'akari da awonsu na farko: a sa awon baya a matsayin sakamako, a sa rukuni da awon farko a matsayin masu bayani. Idan alaƙar awon biyu 0.7 ce, kwatanta canji yana rage hayaniyar zuwa kashi 60 na abin da za a samu da awon baya kaɗai, Ankoba kuwa zuwa 51. Idan alaƙar ta gaza 0.5, kwatanta canji ma ya fi awon baya kaɗai muni, Ankoba kuwa ba ta faɗawa wannan. Canji na kaso cikin ɗari ki bar shi don bayani kawai: daga 160 zuwa 120 sauka ce ta kashi 25, daga 120 zuwa 160 hawa ne na kashi 33, tafiya ɗaya, lamba biyu.

Sai dai wannan fifikon Ankoba a gwajin ƙuri'a ne ya tabbata. Idan rukunan sun bambanta tun asali, kamar yadda naki da na tsofaffin katuna za su iya yi, Ankoba da kwatanta canji suna iya ba da amsoshi masu karo da juna daga alƙaluma guda. Frederic Lord ya nuna haka a 1967 da misalin nauyin ɗalibai maza da mata a farko da ƙarshen shekarar karatu. Idan hakan ta faru gare ki, ki kawo duka biyun, ki bayyana yadda rukunan suka bambanta tun farko, kada ki zaɓi mai daɗin.

Duk abin da na faɗa daga saƙonki na gina shi, teburin naki ban gan shi ba, kuma zanen bambance-bambancen nan 39 zai iya canza shawarata a kan Wilcoxon. Ko maki 4 ko 12 sun isa a sauya yadda ake kula da marasa lafiya, wannan hukuncinku ne ku ma'aikatan lafiya, ni iyakata lissafi.

Game da jimlar da za ki rubuta kuwa, "tsarin ya rage hawan jini" ta fi ƙarfin hujjar da ke hannunki a yau. Wadda za ki iya tsayawa a kanta gaban masu jarrabawa ita ce: a cikin mutum 39 da suka kammala, lambar sama ta awon jini ta sauka da maki 12 a wata uku, ga tazarar amincewa, mutum 9 ba su dawo ba, kuma idan aka ɗauka ba su canza ba saukar ta koma 9.8, da yake an zaɓi mutanen ne bisa awo mai yawa kuma babu rukunin kwatance, wani ɓangare na saukar zai iya zama komawa ga matsakaici. Idan kin tono tsofaffin awon daga katunan, ki turo mini su tare da layin bambance-bambancen, ba tare da sunaye ba, mu ga nawa ne zai rage daga 12 ɗin.